Rezo a Kan Rumbun Falalu

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinki da ya ɓata mini safiya," in ji Falalu.

"Bawa, tashi ka gaida uwargijiyarka! Kawo mini tsani."

Lantana ke nan, 'yar kawunsa, taubashiyarsa tun suna wasan ƙasa. Kowannensu ya yi jikoki, amma bakin nan nasu ya ƙi tsufa. A ƙauyensu, can gaba da Gangara, rezon salula ba ya sauka ko'ina sai a tudun gidan Falalu, nan ma sai an hau saman rumbunsa. Da can har taƙama yake da abin. Bana kuwa gabansa faɗuwa yake in an doshi rumbun, don damina ta yi gardama, hatsin ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. Tiya-tiya yake sayowa a ɓoye, ko matarsa Samira ba ta sani ba.

"Tsani na me?"

"Matar ɗana Abdulgani ta sauka a Tamanrasat, yau suna. Kukan jikana zan ji da kunnena."

"Mace a kan rumbuna? A ina kika taɓa gani? Samira ma da na aura ba ta taɓa leƙa shi ba."

"Wa zai leƙa geronka? Ko kajina sai sun yi shawara kafin su ci."

"Nauyinki fa? Jakin da ya kai ki kasuwar Belbeji har yau ɗingishi yake. Ba ni salular in hau, in isar miki da saƙo."

"Kai? Muryarka in ta shiga waya, tun a Agadas jandarma za su tsare ta, su ce ba ta da takarda."

"Taki fa? Ke me za ki yi da salula? Juya arewa kawai ki buɗe baki, har Aljeriya sai an toshe kunne."

"Ai maganar nan ta fi ka zuciya. Ta ratsa Agadas, ta ratsa Arlit, ta tsallake iyaka, ba wanda ya ce da ita sauko. Kai kuwa Tanut nan in za ka, sai ka bi dangi kana neman gafara."

Kafin ya nemo amsa, ta riga ta jawo tsanin da kanta. Maƙwabta sun fara taruwa a bakin darni, don faɗan taubasan nan ya fi musu rediyo. Falalu ya riƙe tsani, yana addu'a a ransa kada murfin rumbun ya goce.

Ta hau, ta ɗaga salula sama, ta karkata hagu, ta karkata dama. Can sai ga kira ya shiga.

"Alo! Abdulgani! Kara wa jaririn salular a baki!"

Jariri ya tsala kuka daga bayan hamada, tamkar a ɗakin Samira yake. Daɗi ya kama Lantana, ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, ta manta me ke hannun. Salula ta sulluɓe ta gefen murfi, ta faɗa ciki.

Rumbu mai hatsi haɗiye abu yake shiru. Wannan kuwa ƙwas aka ji, a kan tsurar daɓe. Sai muryar Abdulgani ta taso tana amsa-kuwwa kamar daga rijiya: "Alo? Inna? Kina ina?"

Kunya ta rufe Falalu, ya kasa ɗaga kai. Lantana ta ɗaga murfin, ta leƙa. Ta ga wayam, ko ƙwaya babu. Sannan ta juya wajen maƙwabta.

"Jama'a, ku zo ku ji marowaci! Ya danƙare rumbu har bango ƙara yake, ya bar Samira tana dama fura tsululu! Bawa, hawo ka tono mini salulata, ni ba zan sa hannu a ƙaiƙayinka ba."

Aka kwashe da dariya, aka watse ana yi wa Falalu tsiyar rowa. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ya shiga ya ɗauko mata, ta ƙarasa hirarta, ta sauko ta tafi ko kallonsa ba ta yi ba.

Da la'asar sai ga ta biye da amalanke, dammunan gero a ɗaure a kai.

"Wannan fa?" in ji Falalu.

"Ba naka ba ne, kada ka washe baki. Shimfiɗar salulata ce. Zuba su ciki, in ta sake faɗuwa kada ta fashe."

"In shimfiɗar ta ragu fa? Kin san ɓeraye."

"Na san ɓeran, har rawani gare shi. In ta ragu a ƙaro."

Falalu ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa, ya sa gefen rawani ya goge.

"Na yarda, uwargijiya. Yau kam ni bawa ne."

"Da can wa ya 'yanta ka? Ɗauki dami, dare na yi."