Tsutsar Gwangwani

Wani ne ya shuka masara a bayan gidansa. Tun ba ta tsiro ba ya je ya cika wa surukinsa baki, wai bana masarar fari a gidan surukin za a gasa ta.

Masara ta kai gwiwa, sai ga huda a ganye, ga kashi kamar dusa a cikin kunnen masarar, inda sabon ganye ke fitowa. Gogan naka ya ruga shagon mai maganin gona.

"Malam, tsutsa ta shigar min! Ba ni magani mai zafi!"

Mai shago ya ce, "Wace iri? Akwai mai zane a goshi kamar sawun kaza, da ɗigo huɗu a gindi, maganinta daban. Kawo min ɗaya da ranta, kada ka murƙushe ta."

Mutumin nan ya koma gona ya zaɓo wadda ta fi ƙiba, ya sa a gwangwanin madara, ya huda murfi don ta sha iska. Ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shago ya yi tafiya.

To fa! An ce da ranta. Sai kiwo ya tashi. Kullum da safe ya tsinko mata ganye mafi laushi, har da wankewa.

Matarsa ta ce, "Maigida, 'yan uwanta fa na can suna cinye gonar. Bari in tsince su da hannu, in zuba toka a kunnen masarar."

"Kul! Ba a tabbatar da laifinsu ba. Sai mai shago ya gani."

"To ni na gani!"

"Ke kina da shago?"

Rana ta biyar tsutsa ta ƙi cin abinci. Ta ƙanƙance, ta yi ja, ta daina motsi. Hankalin mutum ya tashi. Ya yi mata fifita, ya ɗiga mata ruwa, ya ce da matarsa ta daina daka a kusa, mara lafiya na barci. Masarar kuwa, bai ko leƙa ta ba. Da ya tuna ya leƙa, sai karare tsaye kamar tsintsiya.

Bayan mako biyu mai shago ya dawo. Gogan ya shigo da gwangwani riƙe da hannu biyu, ya ajiye a kan teburin shago.

"Ga amanarka. A hankali, ba ta jin daɗi."

Mai shago ya buɗe murfi. Fir! Wani abu mai fukafuki ruwan toka ya tashi ya maƙale a silin.

"Ina tsutsar?"

Mutum ya ɗaga kai, baki buɗe. "Ga ta can. Wallahi ban saya mata fiffike ba."

Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai girma ta yi, ƙwai za ta je ta zuba a gonar wani. Taka gonar fa?"

"Ta ƙare. Sai kara."

"To maganin me zan ba ka yanzu?"

Mutum ya tuɓe hula ya hau kan benci. "Wa ke ta magani? Rufe ƙofa ka taya ni kama ta! Ita kaɗai na noma bana, ita zan kai wa surukina."