Agogon da Ya Cinye Sarautar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar Larabar nan a lisenmu, makarantar sakandare ta Magariya, ba. Mutum ɗaya za a tura gasar ordinata, wato kwamfuta, a Damagaram, mu biyu muka rage, ni da Rabi'u. Mushe Sani, malaminmu, ya gayyato shugaban iyayen yara, Alhaji Idi, ya gwada aikinmu ya zaɓa.

Nawa program ɗin na tarbar baƙi ne. Kana rubuta sunanka, agogo na tafiya a gefen dama na layin. Kowace daƙiƙa sai ya karanta inda kursar take (ɗan sandan nan mai ƙyaftawa a kan ekran, fuskar ordinata), ya tsallaka da ita ya rubuta lokaci, ya mai da ita mazauninta. Gurbin harafi ashirin na bar wa suna. Da nawa na gwada, da na Rabi'u, har fili ya rage.

Alhaji ya zauna, ya gyara hannun babbar riga, ya ɗaga yatsa ɗaya mai zoben azurfa. Ya rubuta "Alhaji". Ya rubuta "Malam". Nan na fara ƙirga haruffa a zuci. "Idi". "Mai". Ya Allah, ya tsaya nan. Bai tsaya ba. "Shanu, Shugaban Iyayen Yara."

Agogo ya sauka daidai kan "Shugaban", ya shafe shi. Alhaji ya goge, ya sake rubutawa a hankali. Agogo ya sake cinyewa. Ni kuwa ina tsaye a bayansa, na ƙura wa wani zare da ya zazzago daga hularsa ido (ban san dalili ba). Da na ce ya sauko layi na biyu, da shi ke nan.

Ya juyo. "Ƴata, wa ya aiko ki ki tsige ni daga kujera?"

Ajin ya kwashe da dariya. Mushe Sani ya ce, "Yi masa bayani mana." Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, sunan ne ya yi yawa."

Rabi'u ya tafi Damagaram.

Yanzu agogona a can ƙasan ekran yake zama shi kaɗai. In babban mutum zai rubuta sunansa, layi uku nake bar masa, ko da za a ƙara masa wata sarauta kafin ya gama.