Rasuwar Ba-Gajiya na Ƙofar Sauri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda mutum ɗaya tak ya ɗauke wa kowa a gidan, iyalan Malam Muttaka na Ƙofar Sauri ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injinsu, Ba-Gajiya. Ya cika ranar Asabar da hantsi, yana da wata bakwai a duniya. An yi alkawarin jikoki za su tarar da shi yana juyi. Ko ƙaramar Salla bai gani ba.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar ganin marigayin ba, wilin tsohon keke ne aka kafa a kan katako, aka liƙa masa mayen ƙarfe daga matattun lasifiku, aka girke dunƙulen waya a ƙarƙashinsa. Batir biyu gare shi. Ɗaya yana ba shi wuta kaɗan-kaɗan, kamar mai ba majinyaci kunu da cokali, ɗayan kuma wai shi yake cikawa. Malam Muttaka, ma'aikacin ofis a GRA, ya tsinci wannan ilimi a bidiyon waya, ya kuma haƙiƙance cewa injin yana mayar da fiye da abin da ya ci. Da wanda ya yi karatun lantarki da wanda bai yi ba, duk sun gaya masa ba haka duniya take ba. Ya ce hassada ce.

An haifi marigayin ranar da matar gidan, Halimatus Sa'adiyya, ta tafi suna. Siririyar wayar jan ƙarfe ake nema, Malam Muttaka kuwa bai ga dalilin zuwa Babbar Kasuwa ba, tunda ga ƙaramin injin da ke jan keken ɗinkin matarsa a ɗaki. Ya kwance shi, ya zare wayar cikinsa tas, ya naɗe ta a guntun bututu, yana ƙirga zagaye da ƙarfi don kada ya ɓace. Injin nan shi ya raba ta da taka keke shekara uku da suka wuce, lokacin da gwiwarta ta dama ta fara kumbura. Ta dawo ta tarar da kwankonsa fayau.

Ta ce, "Malam, mi ka yi mani haka? Da mi zan yi ɗinkin Salla?"

Ya ce, "Ke dai yi haƙuri. Kafin azumi wannan shi za ya ja maki keke, ba ruwanki da a kawo wuta ko a ɗauke."

Ta yi haƙurin. Ta nemo tsohuwar igiya, ta mayar wa keken, ta koma taku da ƙafa.

Shaidar alheri ita ake yi wa mamaci, za mu yi iya bakin abin da ya samu. Ba-Gajiya mai kunya ne, bai taɓa tashi da kansa ba sai an tura shi da hannu. Idan ya kankama kuwa, sai ka ji "tak, tak, tak-tak-tak", sannan ya zarce da "fiii", Malam Muttaka yana tsugune a gabansa yana murmushin sabon uba. Bai taɓa cutar kowa da aiki ba. An ɗaura masa ƙwan tocila, ya kawo hasken da sai an tare shi da tafin hannu ake gani. An ɗaura masa igiyar keken ɗinki sau ɗaya, ya ce "tak", ya tsaya cak. Maigidan ya ce waya ce ba ta isa ba, ya soma kallon fankar falo.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Batir na biyu na Gwadabe ne, maƙwabci mai acaɓa, wanda ya ba da aro na yini guda aka riƙe kwana tara. Ranar Asabar Malam Muttaka ya fito da injin ƙofar gida ya tara dattawan unguwa su shaida. Ana cikin "fiii" sai ga Gwadabe, ya gaji da tayar da babur da bugun ƙafa, ya sa hannu ya cire batirinsa. Ashe duk tartsatsin da dunƙulen wayar ke amayarwa wannan batir ke shanyewa. Da tartsatsin ya rasa wurin zuwa sai ya faɗa wa taransisto, ɗan abin da ke sarrafa wutar injin. Aka ji "ɗas", hayaƙi ya tashi, dunƙulen ya gasu har ya yi baƙi, warin ƙonannen roba ya kori dattawa ɗaya bayan ɗaya. Malam Muttaka ya yi ta tura wilin da hannu har azahar. Abin da ban tausayi, don da gaske hawaye yake yi.

Marigayin ya bar wili ɗaya, mayen ƙarfe goma sha biyu, da mita mai nuna duk abin da maigida ke son gani. Ya bar kuma maigidan, wanda har yanzu yake cewa kashe shi aka yi ana gab da nasara. An kai kwankon injin ɗinki wurin Almu mai ɗaurin kwayil, ya jujjuya shi, ya ce an karya haƙoran cikinsa wajen zare waya, ba ya ɗauruwa.

Za a kai Ba-Gajiya makwancinsa gobe Lahadi bayan la'asar, a cikin baron mai jari bola. Maza za su yi ta'aziyya a ƙofar gida, inda Malam Muttaka zai karɓi gaisuwa, ana roƙon kada kowa ya nuna masa sabon bidiyo. Mata kuwa su yi haƙuri, ba zaman makoki a cikin gida. Saura kwana shida Salla, atamfa goma sha huɗu na jiran Halimatus Sa'adiyya, ta ɗaure gwiwa da ɗankwali tana takawa. Wadda duk ta matsu sai ta yi gaisuwa, ta zo da ƙafa mai lafiya ta karɓe ta na awa ɗaya.

Sanarwa daga Salisu, yayan matar gidan, a madadin iyali.