Tsirkiya a Cikin Hula

"…lafiya lau, amarya. Ya Birmingham? Ya tsofaffin da kike yaudara a Sparkbrook?"

Alhaji Osmanu ke nan, tsohon direban bas, tsaye a ƙofar gidansa na Levenshulme yana tarbar jikarsa Wasilatu. Gobe za ta yi gwajin shiga makarantar kiɗa a nan Manchester, ga shi tsirkiya ɗaya ta ukulelenta, 'yar ƙaramar jitar da take kaɗawa, ta tsinke. Tun jiya ta aike shi ta waya ya sayo mata.

"Tsoho ɗaya ma ya ishe ni wahala. Ina saƙona?"

Ya miƙa mata leda. Ta buɗe, sai ga ƙunshin zaren fatsa.

"Innalillahi! Kifi na ce maka zan kama?"

"Da shi muke ɗaure molo a Kumasi, 'yan mata na suma."

"Don tsoro suke suma, angona."

"Ji marar kunya! Wannan abin naki ai molo ne da aka yaye tun bai isa yaye ba."

"Kaka, kiɗan Turawan dauri ne fa. Tarin masu goge aka tsara wa shi, ni kuwa tsirkiya huɗu gare ni, yanzu saura uku. Kuma shop ɗin five yake rufewa!"

"Gani ya kori ji. Kullum cika baki a waya, ban taɓa jin ko ƙyas ba. Kaɗa mu ji. In ba ki iya ba, na sake ki."

"Saki? Wa zai kwashe ka? Ko motar sharar council ba za ta ɗauka ba."

"Layi ake yi a kaina."

"A asibitin GP dai."

Duk da haka ta zauna bakin kujera, ta rungume abin, tana harararsa. Yatsunta suka fara tafiya.

Alhaji ya shirya wata baƙar magana, amma ta maƙale. Sautin ya taso siriri, yana hawa yana sauka, wani na bin wani, kamar yayyafin farko a kan kwanon gidansu na Zangon Kumasi. Bas-bas ɗin Stockport Road suka yi nisa. Ya ga tsakar gida, ya ji ƙamshin waake, shinkafa da waken Kumasi, ya ga matarsa marigayiya Fusena tana tankaɗe tana waƙa ƙasa-ƙasa. Duk inda kiɗan ya iso wurin tsirkiyar da babu, sai ya yi ɗan shiru, ya tsallake. Alhaji ya san irin wannan shirun. Da shi yake karyawa kowace safiya.

Ta tsaya. "Ka ji ramukan? Haka zan je gaban mutane?"

Alhaji ya cire hularsa, ya zaro 'yar takarda mai sababbin tsirkiyoyi.

"Tun jiya suke nan."

"Kaka! Don me ka wahalar da ni?"

"Da na ba ki a ƙofa, ɗaki za ki shige ki kulle, Turawa su riga mijinki ji." Ya share ido da bakin hular, yana dariya. "Karɓi ki ɗaura, amarya. Na janye sakin. Ki sake kaɗa min daga farko, ban da ramukan."