Amfilifayar Malam Hashimu Sai Ta Ɗumama

A wani gari can gaba da Funtuwa akwai wani tsoho, Malam Hashimu Mai Lasifika, da ke da amfilifaya, na'urar ƙara murya irin ta da, mai kwalabe jere a cikinta. Nauyinta kamar dutsen niƙa, ga shi yana ji da ita fiye da yadda yake ji da haƙoran da suka rage masa. Kullum tana lulluɓe da tsohon bargo, ko jikokinsa ba sa zuwa kusa. A zamaninta babu biki, babu maulidi, babu taron siyasa sai da ita. Da samari masu manyan akwatunan kiɗa suka shigo gari, kasuwa ta guje shi, ya koma zaman ƙofar gida yana jin haushin zamani.

Ana nan sai kakar zaɓe ta zo. Kansilan mazaɓar, Honarabul Sabi'u, yana neman tazarce, kuma bai da daɗi a bakin mutane saboda rijiyar burtsatsen da ya yi musu alkawari har yau ba a ga ko bututu ba. Ya shirya taro a filin kasuwa don ya lallashi jama'a. In Mai Unguwa da dattawa suka ɗaga hannunsa a ranar, ya haye. In suka ƙi, sai ya tattara ya koma saye da sayar da masara. Ga abokin hamayyarsa ya riga shi kwashe duk masu kiɗan garin. Dole ta sa aka tuna da Malam Hashimu.

Tsoho ya zo da kayansa a baro, yana tafe yana baza babbar riga. Ya sa aka ɗaura lasifika a kan darbejiyar da ke can ƙarshen fili, bakinta na kallon jama'a. Amfilifayar kuwa ya girke ta a wata rumfa bayan dandamali, kusa da janareta. Ya hure ƙura, ya bi waya a hankali yana lalube da yatsa, ya murɗe nan, ya ɗaure can. Jama'a sun cika, rana ta take, Honarabul sai leƙowa yake yana duba agogo.

"Baba, don Allah ka kunna mana, mutane za su watse."

"Ranka ya daɗe, sai na gama haɗa ta da lasifika. Irin wannan in ka ba ta wuta babu lasifika, cikinta take ci. Ƙonewa za ta yi."

Da ya gama, Honarabul ya ce to a kunna. Tsoho ya ce a bari janareta ya daidaita tukuna, yanzu hawa da sauka yake. Da janareta ya daidaita, tsoho ya yi bisimilla ya danna. Honarabul ya fizgi makirfo ya hura. Shiru. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. Shiru. Ya ce, "Helo, helo." Ko tari ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, a ɗan yi haƙuri, sai ta ɗumama."

"Ta ɗumama? Tuwon jiya ne?" Honarabul ya kai hannu ya murɗe abin ƙara murya har ƙarshe, ya sake hurawa, bai ji komai ba. "Wannan ai gawa ce ka kawo mana. Kai da ita duk lokacinku ya wuce."

Maganar ta soki Malam Hashimu har cikin rai. Ya ja kujera ya zauna, ya zuba wa kwalabensa ido.

Honarabul ya juya wajen Ɗanliti, kodinetan kamfen ɗinsa, makirfo na nan a hannunsa ya manta da shi. Janareta na ta ruri a gefensu, don haka sai da ya ɗaga murya.

"Ka ga irin wahalar da nake sha a kan mutanen banza? Su da taliya ke saye! Wai burtsatse, burtsatse. An haƙa mana, yana can a gidan gonata, kajina na sha."

A daidai nan kwalaben suka fara yin ja, ɗaya bayan ɗaya. Malam Hashimu ya gani. Ya ɗan leƙa ta gefen rumfa, sai ya hangi mai sayar da rake ya tsaya da wuƙa a sama, mata sun daina hira, kowa ya ɗaga kai yana kallon darbejiya. Hannunsa na kan maɓalli, danna ɗaya ya isa. Sai ya janye hannun ya shiga gyaran hularsa.

"Shi kuma Mai Unguwa," in ji Honarabul, "ka gan shi can ya hakimce da rawani kamar mutumin kirki. Buhun shinkafa na aika masa, har da rawa ya yi. In na haye, wallahi ko gaisuwarsa ba zan ƙara amsawa ba."

Wannan kam ta fita tas, ko gargada babu. Waɗanda ke bakin tasha ma sun ji.

Ɗanliti ne ya fara lura fili ya yi tsit. Ya leƙa, ya dawo idanu waje, ya nuna makirfo da baki. Kafin Honarabul ya gane, sai ga Mai Unguwa a bakin rumfa da dattawa a bayansa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Sabi'u, a turo a ɗauki shinkafar, ba mu buɗe ba." Ya juya, fili ya bi shi, aka bar kujeru da 'yan banga.

Honarabul ya jefar da makirfo, ya yi kan tsoho.

"Baba, kana gani ta kama?"

"Ina gani, ranka ya daɗe."

"Kana ji ana ji?"

"Ina ji."

"To uban me ya hana ka kashewa?"

Malam Hashimu ya ɗauki makirfonsa ya kaɗe masa ƙasa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ina saurayi 'yan siyasa ke magana ta cikinta, gaskiya ba ta taɓa bi ta wayar nan ba sai yau. Tsayawa na yi in ga ko fiyus ɗinta zai iya ɗaukar gaskiya bai ƙone ba."