Yadda Za Ka Tsayar da Ɗigar Akwatin Wutar Nasara Kafin Ya Dawo

Kai kuku, share gumi ka saurara. Nasaran kanti ya tafi Dosso, ya bar maka tsohon gidansa na Dogon Dutsi, injin wuta na ta ruri a bayan gida. Ya ce in ya dawo ya tarar ƙanƙararsa ta narke a firiji, aikinka ya ƙare. Yanzu ga baƙin akwatin ƙarfen nan na bayan ƙofa, inda wuta ke shigowa gida, ya ɗauki zafi yana ɗigar da wani abu kamar kwalta. Bi matakan nan. Na rantse ɗigar za ta tsaya.

1. Kada ka kashe inji
Matsorata za su ce kashe inji, aika a kira mai gyara. To, ƙanƙarar fa? Wanda ya ba ka wannan shawara, bincika, yana da ƙane mai neman aikin kuku.

2. Tara ƙwarya
Duk abin da ke ɗiga, ƙwarya ake tara masa. In ta cika, sake wata. In warin ya dame ka, ƙara tattasai a miya.

3. Kira Sallau mai yaɓen rumbu
Zai dubi akwatin ya ce, "Wanga ɗan abu? Ni da na toshe rumbun da ɓera ya yi wa ƙofa!" Bar shi ya kwaɓa laka da kashin jaki, ya manna da ɗanyen hannu. In ka ga ya tashi sama ya dawo zaune a tsakiyar ɗaki, hula a gabas shi a yamma, kada ka yi dariya. Zai ce, "Kuku, akwai mai gida ciki. Kuma ba ta son baƙi."

4. Aika garin Matankari a ɗauko Ajuma
Tunda akwai mai gida, sai 'yar bori. Tsohuwa Ajuma za ta iso da mai goge da rabin unguwa a bayanta. Durƙusa ka ce, "Inna, ki taimake ni." Za ta kara kunne kusa da akwatin, ta ji yana zuuu, ta gyaɗa kai.
"Aljana Doguwa ta. Daga ƙasarsu Nasara ya zo da ita, zafin Arewa ya ishe ta. Wanga baƙin abu hawayenta na."
"Mi take so, Inna? Baƙar akuya?"
"Akuya a wanga zafi? Ƙanƙara take so, ɗan nan."

5. Ba ta ƙanƙarar
Buɗe firiji. Ɗauko guda ka ɗora a kan akwatin. Ajuma za ta ce a ɗanɗana mata tukuna, ko da guba. Mai goge zai ɗanɗana. Sallau zai ce shi aka mara, shi ya fi cancanta. Abin da ya rage, jibga shi duka a kan akwatin, ya narke ya gangara ciki.

6. Sunkuya
Za ka ji tas! Shuɗiyar wuta, hayaƙi, inji ya yi tari ya mutu. Mai goge zai fita ta taga. Ajuma za ta gyara ɗankwali ta ce, "Ta koma gida." Duba akwatin: ƙurmus, ko ɗigo babu. Ban faɗa maka ba?

7. Tarbi Nasara da fara'a
Zai shigo da la'asar, ja wur, yana neman abin sanyi. Miƙa masa ruwan randa, ka ce, "Ranka shi daɗe, baƙuwarka ta riga ka sha." Ka tabbata ƙunshin kayanka na bakin ƙofa, kuma amalanken da ke zuwa garinku, Dogon Kiriya, bai tashi ba.

Gargaɗi
Ni tsayar da ɗiga na yi alkawari, ban ce komai a kan aikinka ba. Wanda gemunsa ya babbake, ko ya koma noman gero, kada ya zo min ƙofa. In garduna, 'yan sandan Nasara, suka tambaya, ban san ka ba, ban san Ajuma ba, kuma ni fitilar kwano nake kunnawa.