Gyalen Hadiza a Gaban Injiniya

Abubuwa da yawa sun fara zubewa daga kaina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙirƙirata Gusau don gwamnati ta ba ni takarda ba. Shekarar ƙwallon duniya ce, 1998. Lokacin ina riƙe da wani ɗan gidan kallo a Bungudu: rumfar kwano, bencina, janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba, da talabijin mai kala guda ɗaya da nake ji da shi kamar ɗan fari.

Rana ce matsalata. In ana wasa da la'asar, haske yakan shigo ta bakin rumfa ya kwanta a kan gilashin, sai masu kallo su riƙa ganin fuskokinsu maimakon 'yan wasa. Na rataya buhuna, zafi ya kori mutane. Na juya akwatin, na gefe suka ce wuyansu zai karye.

Maganin daga gida ya fito. Wata safiya na fito da talabijin ɗin tsakar gida ina gyara eriya, matata Hadiza, Allah Ya jiƙanta, tana yi mini maganar bikin ƙanwarta a Tsafe. Ni kuwa sai "to" da "haka ne" nake jefa mata, idona na kan akwati. Da ta gaji, ta zare baƙin gyalenta mai shara-shara ta wurga shi a kan gilashin, ta yi ɗaki. Na miƙa hannu zan cire, sai na tsaya. Ga hoto nan yana fitowa ta cikin gyalen, ya ɗan yi duhu, amma ƙyallin rana ya mutu murus.

Gyalen nan tsarabar Makka ne, mahaifinta ya kawo mata. Na yi lallashi har ta yarda ta ara mini, da sharaɗi biyu: kada almakashi ya taɓa shi, kada kuma Baba ya ji. Kafinta ya yi mini firam na katako, na ɗame gyalen a jiki, na naɗe bakinsa mai adon zare ta baya na danne da falanki. Na ƙara masa 'yar rumfar kwali da na shafa wa baƙin fenti. Kafin a gama gasar, har daga Nahuce ake zuwa kallo wurina.

Wani malamin firamare cikin masu kallo ne ya zuga ni. Ya ce akwai takardar da gwamnati ke bai wa wanda ya ƙirƙiro abu, in ka same ta ba mai kwaikwayonka sai da izininka. Ana haka sai rediyo ya sanar cewa wasu jami'ai za su zo Gusau daga Abuja su duba ƙirƙire-ƙirƙiren mutanen jiha, wanda ya cancanta a taimaka masa ya yi rajista.

A nan ya kamata in faɗi gaskiyar abin da nake nema. Surukina, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne a Tsafe. Bai taɓa faɗa mini magana mara daɗi ba. Sai dai in aka tambaye shi sana'ar mijin 'yarsa, yakan ce, "Yana nan Bungudu." Shi ke nan. Ina so ko sau ɗaya ya samu abin da zai ƙara a kan wannan. Don haka na aika masa cewa in ba zai takura ba, ya zo Gusau ya ga hukuma ta karrama ni. (Ba wanda ya ce za a karrama ni. Ni na karrama kaina tun daga gida.)

Hadiza ta ce, "Malam, ka bar Baba ya ji labari daga baya mana." Na ce mata ai gyalen ya ɓuya, ko ita ba za ta gane shi ba. Ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar na sa babbar rigar aurena, na rungumi talabijin a mota har Gusau. Na tarar Alhaji ya riga ni isa, kuma bai zo shi kaɗai ba, ya taho da amininsa. Zauren ya cika: ga mai injin ɓarar gyaɗa, ga wani da murhu mai cin ƙaiƙayi. Na dubi kayansu na ji tausayinsu.

Mai dubawar wani injiniya ne mai sanyin murya, Hausarsa ta Kano. Ya ce tambaya uku yake yi wa kowane abu. Yana aiki? Sabo ne? Ta ukun kuma: in aka samu mai wannan sana'a, wanda ba gwani ba, ba kuma dolo ba, matsalar ta same shi, zai iya tunanin maganin da kansa? In zai iya, to abin a fili yake, ba a ba da takarda a kansa. Na gyaɗa kai da ƙarfi, don na tabbata da mai murhu yake.

Da layi ya zo kaina, na sa aka kai akwatin bakin taga inda rana ke dukansa. Ba firam, sai ƙyalli. Na ɗora firam, hoto ya fito. Mutane suka yi ta "Masha Allah". Na saci kallon Alhaji, na ga ya gyara zama. Injiniya ya tambayi yadda na kai ga wannan, na ce bincike ne na wata da watanni, har barci ya ƙaurace mini.

Bai musa ba. Ya yafito ni zuwa teburin da wata mata ke buga musu sunaye a kwamfuta. A gaban gilashinta akwai wani firam rataye, da baƙar raga mai laushi a ɗame. Ya ce a Kano ake sayar da shi, don kashe ƙyalli. Na ce ai nawa yana da rumfa. Ya nuna mini rumfar da ke saman tagar zauren, ya ce ita ma aikinta ke nan. In ka haɗa abu biyu da kowa ya sani, in ji shi, kowanne yana yin aikin da ya saba yi, ba ka ƙirƙiri na uku ba.

Mai hankali a nan zai ɗauki akwatinsa ya yi godiya. Ni sai na ce ai sirrin a yadin yake, wani yadi ne na musamman da na sa aka yi mini odarsa daga Legas, ba irin na kwamfuta ba.

Injiniya ya ce madalla, in yadin daban ne, akwai magana. Sai dai gwamnati ba ta ba da takarda a kan sirri. Ciniki ne: ka bayyana wa jama'a yadda abin yake, ita kuma ta kare maka shi na wasu shekaru. Yana faɗa yana juya firam ɗin, ya sa ɗan yatsa ya ɗaga falankin baya.

Bakin gyalen ya warware ya zubo har ƙasa, da furanninsa na zaren gwal. Ƙamshin turaren wuta ya tashi. Matar nan mai kwamfuta ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

Alhaji ya taso a hankali, ya kama bakin yadin ya murza.

"Wanga ai gyalen ɗiyata na," ya ce. "Ni na sawo shi Makka. Yaushe ya tahi Legas?"

Injiniya, Allah Ya saka masa, bai yi dariya ba. Amma ya ce tunda haka ne dole ya sake tambaya, don doka tana son sunan ainihin wanda tunanin ya fara zo wa: wa ya fara ɗora wannan yadi a kan gilashi? Ina tsaye cikin babbar riga, gaban surukina da amininsa da mai murhu, na ce matata ce. Ya ce gwaji take yi? Na ce a'a. Ya jira. Na ce magana take yi mini ban saurara ba, shi ne ta wurga.

Ban san zaure na iya ɗaukar dariya haka ba. Aminin Alhaji har da riƙe gini.

A tasha na durƙusa zan yi wa surukina sallama. Alhaji ya ninke gyalen da hannunsa ya miƙo mini, ya ce in mai da mata, in kuma gaishe ta. Sai da ya sa ƙafa a motar Tsafe ya juyo.

"Yanzu dai in an tambaye ni, na samu abin hwaɗi," ya ce. "Mijin ɗiyata yaron kirki na. Gaban hukuma an matsa shi, ya ba matarshi haƙƙinta."

Har yau ban sani ba ko yabo ne. Na dai karɓa, don ban ga wani na tafe ba.

A gida Hadiza ta sa na maimaita mata komai, har da muryar injiniya. Da na zo kan mutumin nan wanda ba gwani ba, ba kuma dolo ba, ta tsayar da ni, ta share hawayen dariya, ta ce, "To kai a wanne ya sa ka?"

Shekaru sun wuce da rasuwarta. Ba na yawan ba da labarinta, sai irin wannan, wanda na san da tana nan ita za ta karɓe shi daga bakina ta ƙara masa gishiri.

Abin da na koya bai da yawa. In wata dabara ta zo maka ka ji duk duniya ba wanda ya taɓa yin ta, ka fara leƙa kasuwar Kano, sannan ka tambayi mutanen gidanka. In kuma duk da haka sai ka je gaban hukuma, to ka je kai kaɗai.